Waƙafi da Aya a Cikin Ƙwaƙwalwa

Idan tsoho ya fara mantuwa, ya kira jika da sunan ɗa, ko ya tambayi abincin da ya riga ya ci, sai Bahaushe ya ce gigin tsufa ne. Idan hannunsa ya kama karkarwa har shayi yana zuba daga kofi, sai a ce ai shekaru ne suka ja. Idan kuwa ya fara cewa yana ganin mutanen da sauran jama'a ba sa gani, to a nan magana takan canza, wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu ne, a wasu wuraren ma, musamman idan tsohuwa ce marar gata, a yi mata ƙazafin maita. Mu ɗaliban harshe mun san cewa al'umma takan yawaita sunaye ga abin da ta ƙware a kansa. Bafataken goro yana da marsa da minu da goriya da daushe, kowane da siffarsa da farashinsa. Amma cututtukan ƙwaƙwalwar tsofaffi, waɗanda suke iri-iri, kowace da sanadinta da maganinta, duk mun tattara su mun zuba a ƙwarya ɗaya mun ce gigin tsufa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu, wanda a zahiri na 'yan sashen likitanci ne, shi ne rashin lafiyar kakana. Shi bafataken goro ne da ya zauna a Sabon Shagamu fiye da shekara hamsin, kuma mutum ne da ba ya riƙe littafin lissafi, domin adadin huhun da ya ɗora wa kowace mota da bashin da ke kan kowane dillali duk a kansa suke. Da ciwon ya fara, sai ya zo da wani irin hali mai rikitarwa. Yau ka same shi garau, yana tsokanata yana cewa ga ɓarawon matarsa nan ya zo, gobe ka same shi ya zura wa bango ido, ka yi ta magana kamar ba da shi kake ba. Tafiyarsa ta koma ja da ƙafa, fuskarsa ta daina motsi. Da dare yakan yi ta kai naushi da shuri yana barci. Abin da ya fi tayar wa gidan hankali shi ne yadda yakan ce a kori yaran nan da suka zauna masa a kan buzu, alhali kuwa babu kowa a ɗakin sai shi.

An yi rubutu an yi hayaƙi, kamar yadda kowane gida zai yi. Daga baya wani mai kemis ya ba da wata ƙwaya da ake ba masu taɓin hankali, wai don ya riƙa samun barci. Kwana biyu da fara shan ta jikinsa ya sandare kamar icce, ko haɗiyar ruwa ta zama aiki. Wannan ne ya kai mu gaban wani likitan ƙwaƙwalwa, kuma da yake shi ba ya jin Hausa, Kawu da Goggo kuma ba sa jin Turanci sosai, sai aikin tafinta ya faɗo a kaina.

Likitan ya ce yana zargin wata cuta ce da ake kira mantuwar Lewy, wadda ta ɗauko wani abu daga cutar Parkinson, ta ɗauko wani daga cutar Alzheimer. Ya ce akwai wani hoto da ake ɗauka a ƙasashen waje bayan an yi wa mutum allurar wani sinadarin nukiliya, wanda ke taimakawa wajen bambanta waɗannan cututtuka, amma su ba su da ruwan allurar. Ya juyo mana da kwamfutarsa ya nuna hotuna biyu. A na farko akwai wasu alamu biyu masu haske a tsakiyar kai, suna fuskantar juna, kowace da kai da 'yar jela. A na biyu jelar ta ɓace, saura ɗigo biyu. Ya ce su likitoci suna kiran na farko da sunan alamar rubutun nan mai jela, na biyu kuma da sunan ɗigon da ake rufe jimla da shi. Sai na juya na ce wa Kawu, "Kawu, ya ce ƙwaƙwalwar mai lafiya waƙafi take nunawa, ta mai wannan ciwo kuma aya." Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin, ga kuma ɗan abin da na tsinta.

Yadda allurar take aiki

Hoton ƙashi da na'urorin CT da MRI suna nuna siffar abu ne, wato girmansa da inda ya fashe ko ya kumbura. Matsalar ita ce a farkon cutar Parkinson siffar ƙwaƙwalwa takan fito daidai, domin abin da ya lalace aiki ne, kuma aiki ba ya fitowa a irin wannan hoto. Dabarar da masana suka yi ta yi kama da ta makiyayin da ke ɗaura wa akuya ƙararrawa a wuya, ko ta shiga duhun daji yana jin inda take. Sukan ɗauki wani sinadari da suka san inda yake zuwa ya maƙale a cikin jiki, su liƙa masa wata ƙwayar zarra mai fitar da tururin nukiliya, su yi wa mutum allurarsa a jijiya, sannan su sa na'ura ta bi inda tururin ke fitowa. Wanda ya assasa wannan dabara wani masani ne ɗan ƙasar Hungari mai suna George de Hevesy, kuma a kanta ya samu kyautar Nobel ta shekarar 1943.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan baƙin wuri inda wasu ƙwayoyin halitta suke samar da sinadarin dofamin, wanda shi ne ke sa motsin jiki ya tafi sumul. Waɗannan ƙwayoyi suna miƙa rassansu zuwa wani sashe da ke tsakiyar kai, kuma a bakin kowane reshe akwai wasu 'yan ƙofofi da ke mayar da dofamin ciki bayan ya gama aikinsa. A cutar da likitan Landan James Parkinson ya fara siffantawa a 1817, waɗannan ƙwayoyi ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma kafin karkarwa ta bayyana a fili an riga an yi asarar kaso mai yawa daga cikinsu. Allurar da ake sayarwa da sunan DaTscan tana ɗauke da wani sinadari da ke zuwa ya maƙale a waɗancan ƙofofi, an kuma liƙa masa aidin-123 a matsayin ƙararrawa. Inda rassa suke da rai wurin zai yi haske, inda suka mutu zai yi duhu. Da yake cutar takan fara cin ɓangaren baya, wato jelar, shi ya sa waƙafi yake komawa aya. Galibi ma ɓarnar takan fi yawa a gefen ƙwaƙwalwar da ke kishiyantar hannun da ke rawa, idan hannun dama ne, sai a ga jelar hagu ce ta fi gajarcewa.

Turai ta amince da wannan allura a shekarar 2000, Amurka kuma a 2011. Kafin a yi ta akan ba mutum aidin na sha kamar awa ɗaya tukuna, domin a ƙosar da halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke jawo maƙoƙo, kada ta zuƙe mai tururin. Bayan allura sai a jira awa 3 zuwa 6, sannan mutum ya kwanta kamar minti 30 zuwa 45, na'urar SPECT tana kewaya kansa. Yawan tururin da jiki ke sha bai wuce kwatankwacin wanda kowa ke sha daga ƙasa da sararin sama a cikin shekara biyu ba, kuma yakan ƙare da kansa, wani kuma ya fita ta fitsari.

Amfaninta a bayyane yake. Akwai karkarwar da kan bi jini a wasu gidaje, wadda ba ta da alaƙa da mutuwar ƙwayoyin dofamin, mai ita zai nuna waƙafi lafiya lau. Akwai sandarewar jiki da wasu magunguna ke jawowa, irin su wasu magungunan taɓin hankali da na hana amai, ita ma waƙafi take nunawa. Mai cutar Alzheimer zalla shi ma haka. Amma mai Parkinson da mafi yawan masu mantuwar Lewy aya suke nunawa. Wannan bambanci na ƙarshe yana iya zama na rai da mutuwa, domin masu mantuwar Lewy da yawa jikinsu ba ya ɗaukar tsofaffin magungunan taɓin hankali, kamar dai yadda muka gani da idonmu a gida. Sai dai allurar tana da iyaka. Akwai wasu cututtuka 'yan uwan Parkinson da suka fi ta saurin kayar da mutum, su ma aya suke nunawa, don haka hoton ba ya iya raba su da ita.

Sauran allurai

Ga masu mantuwa akwai wata na'urar da ake kira PET, ita ma da nata allurai. Mafi daɗewa a cikinsu sukari ne da aka liƙa wa fulorin-18, wanda aka fara gwadawa a jikin ɗan Adam a Jami'ar Pensilbeniya ta Amurka a 1976. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma sukari ne abincinta. To duk sashen da ya rage cin abinci, alama ce ya rage aiki. A cutar Alzheimer gefuna da sama-sama ta baya ne ke dushewa, a wata irin mantuwa mai sauya hali goshi ne ke dushewa, a mantuwar Lewy kuma har ƙeya, inda nan ne cibiyar gani. Da na karanta wannan sai yaran da ke zama a kan buzun kakana suka faɗo mini a rai.

Tun 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya ba da bayanin wasu dunƙule-dunƙule da wasu zaruruwa da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata bayan rasuwarta. Kusan shekara ɗari bayan haka, ba a iya ganin waɗannan abubuwa sai mutum ya mutu an buɗe kansa. Masana biyu na Jami'ar Pittsburgh, William Klunk da Chester Mathis, su ne suka haɗa wani sinadari da ke maƙalewa a dunƙulen, wanda ake kira amiloyid. An gwada shi a kan mutane a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin a 2002, aka fitar da sakamakon a 2004. Daga nan Amurka ta amince da allurai uku na ganin amiloyid a shekarun 2012 da 2013 da 2014, sannan ta amince da ta ganin zaruruwan, waɗanda ake kira tawu, a 2020. A nan ma akwai abin lura. Idan hoto ya nuna babu amiloyid, to da wuya mantuwar ta zama Alzheimer. Idan ya nuna akwai, magana ba ta ƙare ba, domin wajen kashi ɗaya cikin uku na 'yan shekara 80 masu cikakken hankali suna ɗauke da shi a kansu. Darajar wannan hoto ta ƙaru ne tun da aka amince da sababbin magunguna masu share amiloyid a 2023 da 2024, domin ba a ba mutum su sai an tabbatar yana da shi. Su kansu magungunan jinkirta cutar kawai suke yi kaɗan, ga tsada, ga haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa.

Me ya sa abin ya yi mana nisa?

Da farko na ɗauka tsada ce kawai. Tsada tana ciki, amma akwai wani dalilin da ya fi ta wuyar sha'ani. Kowane sinadari mai tururin nukiliya yana da wani wa'adi da ƙarfinsa ke raguwa da rabi, bari mu kira shi rabin rai. Na aidin-123 wajen awa 13 ne, na fulorin-18 wajen minti 110, na kabon-11 da aka yi amfani da shi a gwajin Uppsala kuwa minti 20 kacal. Kamar mai tallan ƙanƙara ne a watan bazara, tun daga inda ya saro hajarsa take narkewa. Idan aka ɗora fulorin-18 a mota, bayan awa 11 abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin 64, ke nan motar da ta tashi daga Shagamu, kafin ta ga ganuwar Kano, ruwa kawai take ɗauke da shi. Ba a ajiye irin wannan kaya a kanta a jira mai saye. Dole a samu wata babbar na'ura mai suna saikulotoron a kusa, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da masana haɗa sinadarin, da jirgin da ba ya saɓa lokaci.

Ba za a ce Nijeriya ba ta taɓuka komai ba. An buɗe cibiyar likitancin nukiliya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 2006 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, akwai kuma wata a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, sannan a 'yan shekarun nan an samu na'urar PET a wata cibiya mai zaman kanta a Legas. Mafi yawan aikin irin waɗannan wurare a kan ciwon daji da ƙashi da ƙoda da maƙoƙo yake. A fagen bincike ma ƙasar nan tana da abin faɗa. Tun 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi da takwarorinsu na Amurka suka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis, sakamakon 2001 ya nuna cutar mantuwa ta fi ƙarancin kama na Ibadan. A 2023 kuma wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin Parkinson ga 'yan asalin Afirka. Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne a 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko mai taimakawa wajen gano Alzheimer, jini kuwa ana iya ɗibarsa a ƙauye a kai shi birni.

Shawarar da aka yanke a gidanmu

Da Kawu ya ji akwai hoton a waje, sai ya ce zai sayar da rumfarsa a kai Alhaji Indiya. Goggo ta ce, "Yaya, mutumin da ba ya gane ɗakinsa wani lokaci, ka ɗora shi a jirgi ka kai shi inda ba ya jin yaren kowa?" Gardama ta yi zafi har aka koma wurin likita. Shi kuma ya ce in gaya musu cewa manyan alamun mantuwar Lewy huɗu ne: hankali mai zuwa yana tafiya, da ganin abin da babu shi, da faɗa a cikin barci, da nauyin jiki irin na Parkinson. Ƙa'idar da masana suka sabunta a 2017 ta ce biyu daga ciki sun isa likita ya rinjayar da zato a kan cutar. Hoton yana da amfani ne ga wanda alama ɗaya kawai ya nuna, ko wanda aka rasa gane kansa. Alhaji kuwa duk huɗun ya nuna. Ya ce ko an je an dawo, maganin da zai rubuta shi ne dai wanda zai rubuta yau, gara a riƙe kuɗin a yi jinya da su.

Haka aka yi. An dakatar da waccan ƙwaya, aka ba shi wani maganin mai taimaka wa tunani, aka rubuta takarda aka manna a ƙofar ɗakinsa cewa kada kowa ya ba shi maganin barci ko na taɓin hankali sai da izinin likita. An ƙara fitila a ɗakin, domin yaran nan sun fi zuwa da duhun magariba, aka sauke katifarsa ƙasa saboda faɗuwa. Aka kuma daina yi masa musu, idan ya ce a kore su, sai ƙanwata ta ce, "To Alhaji, ga shi nan sun fita." Bai warke ba, domin cutar ba ta da maganin warkewa zuwa yanzu, amma ya sake cin abinci da hannunsa, kuma rumfar Kawu ce ta ci gaba da sayen maganin wata-wata.

Abin da ya shafe mu

Duk alamun nan huɗu da suka wadatar da likita, ba na'ura ce ta gano su ba. Goggo ce da ke kwana a ƙofar ɗaki ta san da faɗan barci, yaran gida ne suka san ranar da yake garau da ranar da ba ya nan. Sai dai wannan sani ba ya isa kunnen likita idan babu kalmomin ɗaukarsa. Da na ce masa gigin tsufa ne kawai na yi shiru, da ban gaya masa komai ba. A asibitocin wannan yanki namu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan zuwa Shagamu, kullum akwai tsoho Bahaushe zaune gaban likitan da ba su jin harshen juna, kuma wanda ke tsakaninsu yawanci yaro ne ɗan makaranta kamarmu.

Don haka ina kira ga 'yan uwana ɗalibai da malamanmu da mu ɗauki ƙirƙirar kalmomin wannan fanni da muhimmanci, mu zauna da 'yan sashen likitanci mu tace su, ta yadda za a iya yin bayaninsu a gidan rediyo da majalisar unguwa. Kafin nan kuma, duk wanda yake da tsoho a gida da ya fara canzawa, ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da yake gani: yaushe abin ya fara, wane hannu ne ke rawa, yana rawa ne idan an ajiye shi ko idan an miƙa shi za a ɗauki abu, me yake yi a cikin barci, waɗanne magunguna yake sha, har da na kemis da na gargajiya. A tafi da littafin da kwalayen maganin gaba ɗaya ranar ganin likita. Addu'a da neman magani kuwa ba su taɓa hana juna ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya sa mu gama da iyayenmu da kakanninmu lafiya, amin.